Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Ilmin Magani

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781. Shi ɗa ne ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Tun yana yaro ya duƙufa ga karatu, har ya zama babban malami. Cikin fannonin da ya sani akwai ilmin cuta da maganinta. Ya wallafa littattafai da Larabci a kan ciwon ido da basir, cuce-cucen da kan dami tsofaffi ƙwarai.

Da Shehu ya manyanta, sai ya ƙaura daga Sifawa zuwa Sakkwato a 1815, ya zauna kusa da ɗansa. Nan ya yi jinya har Allah ya yi masa rasuwa a 1817. Bello ya gaje shi.

A 1824 wani Bature, Kyaftin Clapperton, ya ziyarce shi. Bello ya nemi a aiko da likita daga Ingila ya zauna a ƙasarsa, gama ba ya raina sani ko daga ina ya fito. Ya rasu a Wurno a 1837.

Yara, mai jinyar tsoho sai ya haɗa abu biyu, sanin magani da tausayi.