Edouard Van Beneden: Mutumin da Ya Ƙirga Rabon Uwa da na Uba

An haifi Edouard Van Beneden a garin Luban na ƙasar Beljiyam a shekarar 1846. Mahaifinsa malamin ilimin dabbobi ne a Jami'ar Katolika ta garin, ɗan kuwa ya bi sawunsa. A 1870, yana da shekara 24, ya fara koyarwa a Jami'ar Liyej, inda ya yi sauran rayuwarsa.

A zamaninsa kowa ya san ɗa yakan yi kama da iyayensa, amma ba a san yadda ake raba wannan gado ba. Van Beneden ya nemi amsa a wurin da mutane ke ƙyama: macijin ciki na doki, irin tsutsar nan da ke ramar da dawaki. Ƙwanta na da yawa, kuma ana ganin cikinsu sarai a madubin ƙara girma.

A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu zarurruka da ke ɗauke da gado, ana kiransu kuromosom. A 1883 ya nuna cewa ƙwan tsutsar yana kawo guda 2, maniyyin namiji ma ya kawo 2, sai su haɗu su zama 4. Ashe kafin haɗuwa, kowane ɓangare yakan rage nasa zuwa rabi. In ba haka ba, da adadin zai riƙa ninkawa daga tsara zuwa tsara.

Wannan ƙa'ida tana nan a gonakinmu. Albasar Aliero tana da kuromosom 16. Idan manomi ya bar ta ta yi fure don samun iri, garin furen yana ɗauke da 8, ƙwan cikin furen ma 8. Mutum kuwa 46 ne: 23 daga uba, 23 daga uwa.

'Yan'uwa, sau da yawa mukan ɗauki mace kamar gona ce kawai, irin duka na miji ne. In yaro ya yi kirki sai a ce ya gaji ubansa, in ya lalace a ce halin uwa ne. Ƙirgen Van Beneden bai yarda da wannan rabo ba. Kowane yaro a Jega ko Maiyama, rabin adadin nan daga mahaifiyarsa ya samo shi.

Van Beneden ya rasu a Liyej ranar 28 ga Afrilu, 1910.