Sista Elizabeth Kenny: Nas ɗin da ta ja da likitoci a kan shan inna

Duk lokacin da aka zo ba da tarihin yaƙi da cutar shan inna, sunayen Jonas Salk da Albert Sabin ake fara kawowa, domin su ne suka samar da rigakafi. Amma kafin rigakafin Salk ya fito a 1955, yaran da annobar ta riga ta kama suna kwance a asibitoci, kuma masu kwana a kansu ma'aikatan jinya ne. A cikinsu babu wadda ta yi suna kamar Elizabeth Kenny, mutuniyar Ostareliya.

An haife ta a 1880 a garin Warialda da ke jihar New South Wales. Ba ta yi makarantar koyon jinya ba. Abin da ta sani game da ƙashi da tsoka ta fara koyonsa ne a wurin wani likita mai suna Aeneas McDonnell, daga nan ta shiga ƙauyuka tana jinyar marasa lafiya. A Yaƙin Duniya na Farko ta yi aiki a jiragen ruwan da ke kwaso sojojin da suka ji rauni, a can ta sami muƙamin Sista. Da annobar mura ta isa ƙasarsu a 1919, ita ta riƙe asibitin wucin gadi na garin Clifton.

A wancan zamani, idan shan inna ta kama yaro, likitoci kan ɗaure masa ƙafa da katako ko filasta na tsawon watanni, don kada ta lauje. Kenny kuwa ta lura cewa ƙafar da aka ɗaure kan ƙara ƙanjamewa. Sai ta riƙa tsoma ƙyallen bargon ulu a ruwan zafi, ta matse, ta gasa wurin da ke ciwo, sannan ta dinga motsa gaɓar a hankali har yaron ya sake koyon sarrafa ta.

Manyan likitoci ba su ji daɗin wannan ba. Kwamitin bincike na gwamnatin Queensland ya soki hanyarta a rahotonsa na 1938. Ba ta karaya ba, ta tafi Amurka a 1940, inda likitocin birnin Minneapolis suka ba ta dama suka ga aikinta da idonsu. A 1942 aka buɗe cibiya da sunanta a birnin, aka shiga horar da nas-nas a kan hanyar tata. Ta rasu a Toowoomba a 1952, shekarar da Amurka ta ga annobar shan inna mafi muni a tarihinta.

Ba a komai ta yi daidai ba. Ta ɗauka asalin matsalar a tsoka take, alhali ƙwayar cutar jijiyoyin laka take lalatawa, kuma gashi ba ya dawo da jijiyar da ta mutu. Sai dai a kan illar ɗaure yaro wata da watanni ita ce mai gaskiya, domin daga baya an bar wannan al'ada, motsa gaɓa da wuri ya zama ginshiƙin aikin masu gashin ƙashi. Ta gane abin da masana suka kasa gani ne saboda ita ke zaune da yaron dare da rana.

Mu a Arewa wannan tarihi ya shafe mu. Mun ga yadda aka dakatar da rigakafi a Kano a 2003 sai a 2004 aka dawo da shi, mun kuma ga an tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka a 2020. To amma waɗanda ta riga ta nakasa suna nan a titunanmu, wasu a kan keken guragu, wasu suna rarrafe. Rigakafi ba zai yi musu komai ba, kulawa suke buƙata.

Saboda haka ya kamata hukumomin asibitocinmu su horar da nas-nas na musamman a ɓangaren yara tun kafin annoba ta zo, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kuma nas ta ce ta lura da wani abu a jikin yaro, likita ya tsaya ya saurara kafin ya tambayi takardar shaidarta. Allah Ya kare mana 'ya'yanmu, amin.