Henry Darcy, Injiniyan Da Ya Auna Tafiyar Ruwa Cikin Yashi

An haifi Henry Darcy a birnin Dijon na ƙasar Faransa ran 10 ga Yuni, 1803. Yana da shekara 14 ubansa ya rasu, uwarsa ta tsaya masa har ya shiga babbar makarantar injiniyoyi a Faris cikin 1821. Da ya ƙare karatu aka komo da shi aiki garinsu.

A zamanin nan mutanen Dijon ba su da ruwan kirki, sai na rijiyoyi masu ƙazanta. Darcy ya janyo ruwan marmaron Rosoir ta rufaffiyar magudana, tafiyar kusan mil 8, ruwa ya iso gari cikin 1840, daga baya aka kafa famfuna fiye da 100 a tituna. Aka ba shi ladan aikinsa, ya ƙi karɓar kuɗin, amma ya karɓi lambar zinariya.

Cikin 1855, ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, ya cika bututu da yashi a wani asibitin Dijon, yana tura ruwa yana aunawa. Ya tarar gudun ruwan yana ƙaruwa gwargwadon ƙarfin turi, yana raguwa gwargwadon kaurin yashin da zai ratsa. Ya buga wannan lissafi cikin 1856. Ya rasu a Faris watan Janairu, 1858, saura shekara guda Drake ya haƙa rijiyar mai a Amurka.

To, masu haƙar man nan su suka fi cin gadonsa, gama mai ba tafki yake yi ƙarƙashin ƙasa ba, maƙale yake cikin 'yan kafofin dutse. Sau da yawa, ko an kora shi da ruwa, fiye da rabinsa kan saura. Saboda haka akan tura iskar kabon, kamar yadda aka soma a Teksas cikin 1972, don ta tsinka man ya gudana. Akan kuma tura sinadari dangin sabulu ya raba shi da dutse, kamar yadda sabulu ke raba maiƙo da kwano. Da lissafin Darcy ake ƙiyasta abin da zai fito, har ma'aunin da ake auna yadda dutse ke barin mai ya wuce sunansa aka sa masa.

Mu ma nan gida muna da rabo. Madatsar Tiga, wadda aka gama cikin 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ƙasa aka tara aka daɓe. Da lissafin nan nasa injiniyoyi ke sanin yawan ruwan da ke tsattsafowa ta jikin irin wannan madatsa, su tsare ta kada ta ɓalle kan mutanen da ke ƙasanta.