Marigayi Lon Chaney, Mai Fuska Dubu

An haifi Lon Chaney a garin Colorado Springs na Amurka ran 1 ga Afrilu, 1883. Iyayensa duka biyu kurame ne, saboda haka tun yana ƙarami ya ƙware wajen zance da hannu da fuska. Wannan ya zame masa jari a zamanin da sinima ba ta da murya. Da kansa yake sāke kamanninsa: a 1923 ya fito a mai ƙusumbi, a 1925 kuwa da fuska kamar ƙwarangwal. Sau ɗaya tak 'yan kallo suka ji muryarsa, a fim ɗin 1930. Ciwon daji ya yi ajalinsa ran 26 ga Agustan shekarar, yana da shekara 47.