Abu Ja: Sarkin Da Ya Kafa Suleja, Ya Bar Wa Babban Birnin Nijeriya Suna

Da yawa daga cikin masu ambaton Abuja a kullum ba su san cewa sunan mutum suke kira ba. Mutumin kuwa shi ne Abubakar, ɗan Sarkin Zazzau Isiyaku Jatau, wanda aka yi wa laƙabi da Abu Ja saboda hasken fatarsa. Shi ne ya kafa garin da a yau ake kira Suleja a Jihar Neja, ya kuma riƙe sarauta daga shekarar 1825 zuwa 1851.

Abu Ja ya tashi a gidan sarautar Haɓe ta Zazzau. A farkon ƙarni na 19, dakarun jihadi ƙarƙashin jagorancin Malam Musa suka ci birnin Zariya, lamarin da ya tilasta wa yayansa, Sarki Muhammadu Makau, barin gari tare da sarakunansa da barorinsa. Suka nausa kudu har Zuba, ƙasar Koro, waɗanda tun da can suke kai gaisuwa Zazzau. Makau ya shafe sauran rayuwarsa a kan doki, yau yaƙi gobe ƙaura, har aka kashe shi a yaƙin Lapai a 1825. Bayan rasuwarsa ne masu zaɓen sarki suka ɗora wa Abu Ja rawani.

Abin da ya gada sarauta ce mai suna da tarihi, amma marar mazauni. Akwai tambari, akwai hakimai, akwai mayaƙa, sai dai babu ganuwar da za a fake a bayanta, babu kasuwar da fatake za su nufa. Jama'ar da ta yi shekaru tana yawo kuwa tana iya watsewa a kowane lokaci, ta narke cikin ƙabilun da ta tarar. Abu Ja ya fahimci cewa muddin ba a zauna wuri guda ba, sarautar Haɓen Zazzau ta kusa zama labari.

A shekarar 1828 ya aza harsashin sabon gari a bakin kogin Iku, a gindin duwatsun Abuchi, ba da nisa da dutsen Zuma ba. Zaɓen wurin ya nuna hangen nesa: kogi ya wadatar da mutane da dabbobi da ruwa, duwatsu da kurmi sun zama katanga ga mahayan dawakin da ka iya kawo hari daga arewa, ƙasar kuma mai albarkar noma ce. Bayan shekara guda aka fara ginin ganuwa, garin kuma ya ɗauki sunan wanda ya kafa shi.

Tsarin da aka bi shi ne wanda biranen Hausa suka saba da shi tun zamanin kakanni. Ana haƙa ƙasa a kwaɓa a ɗaga ganuwa, ramin da aka bari kuma ya zama gwalalo mai hana abokan gaba kusantowa. Aikin na gayya ne, gyaransa kuma yakan biyo bayan damina. Ba a matse ganuwa a jikin gidaje, akan bar fili a ciki domin noma da kiwo idan aka yi wa gari ƙawanya. Fada da masallacin Juma'a da kasuwa su ne cibiya, daga nan unguwanni suke bazuwa zuwa ƙofofi.

Unguwa a irin wannan tsari hukuma ce ƙarama. Manyan masu sarauta irin su Madawaki da Galadima da Wambai da Dallatu kowanne yana da gida da mabiya da ke zaune kewaye da shi. Madawaki ne shugaban mayaƙa, Galadima kuma ke riƙe gari idan sarki ya fita yaƙi. Talaka ya san zauren da zai kai kukansa, baƙo ya san wanda zai sauke shi, rigimar maƙwabta kuma takan mutu tun ba ta kai fada ba. Har yanzu sunayen mazaɓu irin su Wambai da Magajiya da Kurmin Sarki a Suleja suna tuna wa mai sauraro da wancan tsari.

Ganuwar ta biya bukata. Duk da hare-haren da aka riƙa kaiwa daga Zariya, garin bai faɗa hannun daular Sakkwato ba. Bayan rasuwar Abu Ja a 1851, ɗan'uwansa Abu Kwaka ya gaje shi, kuma a zamaninsa ne aka buɗe hulɗar ciniki da Zariya da Bida. Daga zuriyar waɗannan 'yan'uwa biyu gidajen sarautar masarautar suka samo asali. Garin ya ci gaba da cin gashin kansa har zuwa 1902, lokacin da Turawan Ingila suka mamaye shi.

Saboda an tsira da tsohon tsarin mulkin Haɓe a wannan gari, masana sun mayar da shi madubin duba yadda Zazzau take kafin jihadi. Alhaji Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin masarautar da al'adunta, masanin nan M. G. Smith kuma ya dogara da bayanansu a littafinsa kan sarautar Zazzau da ya fito a 1960.

Sunan Abu Ja ya sake yin ƙaura bayan rasuwarsa da shekara 125. A ranar 3 ga Fabrairun 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sanar da ƙudurin ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas. Wani babban yanki na masarautar ya shiga Babban Birnin Tarayya, sabon birnin ya karɓi sunan Abuja, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tsakiyar sabon birnin kuwa, fitaccen mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Japan, Kenzo Tange, wanda ya yi suna da tsarin faɗaɗa Tokyo na 1960, shi aka ba aikin zana ta. Gwamnati ta tare a can a ranar 12 ga Disamban 1991.

A yau Suleja tana ɗauke da nauyin da wanda ya kafa ta bai taɓa zato ba. Ɗimbin ma'aikata da 'yan kasuwa da kuɗin haya ya fi ƙarfinsu a Abuja nan suke kwana, da asuba su bi hanyar Madalla da Zuba zuwa wuraren aikinsu. Gine-gine sun tsallake tsohuwar iyakar gari, bukatar ruwa da magudanai da tituna kuma tana ƙaruwa. Abu Ja ya fara tanadin ruwa da tsaro da fili kafin ya tara jama'a, ya kuma ba kowace unguwa mai kula da ita. Aikin da ke gaban gwamnatin Jihar Neja da ƙaramar hukuma da masarautar Zazzau Suleja shi ne su yi wa sababbin unguwanni irin wannan tanadi, tare da kiyaye abin da ya rage na tsohon gari.