Robert Moog, injiniyan da ya shigar da sautin lantarki cikin kiɗan rock

An haifi Robert Moog a birnin New York na Amurka ranar 23 ga watan Mayun 1934. Tun yana saurayi ya fara haɗawa da sayar da theremin, wani abin kiɗa na lantarki da ake kaɗawa ba tare da an taɓa shi ba.

A shekarar 1964 ne, bayan haɗuwarsa da mai tsara kiɗa Herbert Deutsch, ya ƙera na'urar da ta ɗaukaka sunansa, wato sintesaiza. Ita dai wannan na'ura da ƙarfin lantarki take ƙirƙirar sauti, sannan ta tace shi, makaɗi kuma yana sarrafa ta da maɓallai irin na fiyano. Faifan Switched-On Bach na Wendy Carlos ya fito da ita fili a 1968, ƙungiyar Beatles kuma ta yi amfani da ita a Abbey Road a 1969.

Sai dai na'urar farko ƙatuwa ce, ga wayoyi birjik, ga tsada. Ƙaramar da kamfaninsa ya fitar a 1970, mai suna Minimoog, ita ce ta hau dandali. Sauti ɗaya kawai take iya fitarwa a lokaci guda, amma mai kauri ne ainun, har yakan yi gogayya da ƙarar gita. Da haka masu kaɗa maɓallai irin su Keith Emerson da Rick Wakeman suka daina zama 'yan rakiya. A 1973 Wakeman ya kaɗa ta a wani faifai na Black Sabbath, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka assasa kiɗan metal.

Ba kowa ne ya yi maraba da ita ba. Ƙungiyar Queen ta sha rubutawa a jikin faya-fayanta na shekarun 1970 cewa ba ta yi amfani da sintesaiza ba.

Ta fuskar kasuwanci kuwa Moog bai taki sa'a ba. Ya sayar da kamfanin a 1971, ya bar shi a 1977, ya kuma rasa damar sanya sunansa a kan abin da yake ƙerawa, har sai a 2002 da ya sake samun wannan haƙƙi. Ya mutu a garin Asheville na jihar North Carolina ranar 21 ga watan Agustan 2005, sakamakon cutar dajin ƙwaƙwalwa, yana da shekaru 71.