Tsufan maharbi: labarin Daniyel Bun

A wannan fitowa labarin wani maharbi na ƙasar Amurka na kawo muku. Sunansa Daniyel Bun, Turawa na rubuta shi Daniel Boone. Ya rasu tun 1820, amma har yau ƴan lakwal na can sun san sunansa. Littattafai sun fi yawan zancen jaruntakarsa. Ni tsufansa ya fi jan hankalina, don irin tsufan da muka gani ne ga maharbanmu da suka ci zamaninsu cikin dajin Baban Rafi.

An haife shi a 1734 a yankin Fensilbaniya, kuma tun yana yaro ya riƙe bindiga. Sana'arsa harbin barewar ƙasarsu, wadda ta fi tamu girma, namijinta na da ƙaho mai rassa kamar itace. Fatar ake saidawa. A 1756 ya auri Rebeka, suka sami ɗiya goma. A 1769 ya shiga dajin Kentaki, bai komo gida ba sai bayan shekara biyu. Can mutanen Shawani, ƴan asalin ƙasar, suka kama shi suka karɓe fatun da ya tara. In za a faɗi gaskiya, dajin farautarsu ne ya shiga. Cikin rigingimun da suka biyo baya aka kashe mishi ɗiya maza biyu, ɗaya a 1773, ɗaya a 1782. A 1776 kuma aka sace ɗiyarsa Jemima, tana da shekara 13. Ya bi sawu har ya ƙwato ta rana ta ukku. Ku riƙe sunan wannan yarinya.

Kwanan daji cikin ɗari da tsallake gulabe ba su barin mutum haka nan. Yana wajen shekara sittin sanyin ƙashi ya kama shi. An ce in ciwon ya taso, Rebeka ce ke binsa daji ɗauke da bindigar, shi ko ya yi harbin. Filayen da ya mallaka a Kentaki shari'a da bashi suka cinye su, sai a 1799 ya kwashi iyali ya yi ƙaura zuwa Misuri, yana da shekara sittin da wani abu.

Can ido ya fara ragewa. An ce farar takarda ya riƙa liƙawa a kan bindiga don ya ga inda yake auna. Da harbi ya yi wuya sai ya ƙarfafa ga ɗana tarko. Abin da nike so mu duba shi ne yadda iyalinsa suka yi da shi. Ba su ɓoye bindigar ba, ba su kuma sake shi shi kaɗai ba. Wani bawan gidan, baƙar fata, mai suna Deri, shi ke raka shi. Wata tafiya ciwo ya kada tsohon cikin daji, har ya nuna wa Deri inda zai binne shi. Deri ya yi jiyyarsa har ya tashi, suka komo gida. Littattafai da yawa sun ba wannan bawa layi ɗaya ko biyu kawai, alhali shi ya yi ɗawainiyar. Mu ma nan, mai aiko kuɗi daga Kano ko Abijan ake yabo a dandali, ba a cika ambatar matar ƙane da ke dama wa tsoho kunu da asuba ba.

Rebeka ta rasu a 1813. Daga nan zamansa ya koma tsakanin gidan Jemima, waccan da ya ƙwato, da gidan ɗansa Natan. A 1817 ya sake fita farauta da jikansa, sanyi ya kama shi, ya kwanta ciwo. Ya sa an yi mishi akwatin gawa tun da ransa, yakan je ya duba shi lokaci lokaci. Amma son nama bai bar shi ba. A 1820 wani mai zane ya zo zana kamanninsa, ya iske shi kwance kusa da wuta, ya tsire naman barewa a sandar ɗura bindiga yana gasawa.

Cikin Satumba na wannan shekara zazzaɓi ya kama shi a gidan Natan. Ya ƙi magani. Jemima ta rage mishi gashi, aka ba shi madara mai ɗumi, iyali suka shigo ya sallame su. Ya cika da safiyar 26 ga wata, yana da shekara 85, Natan da Jemima na riƙe da hannuwansa. Aka binne shi kusa da Rebeka.

A 1845 mutanen Kentaki, ƙasar da ya bari da bashi a wuya, suka zo suka tone su biyun suka kai babban birninsu, aka yi gagarumin taro. Har yau akwai mutanen Misuri da ke cewa ba ƙasusuwansa aka ɗauka ba.